Matata na shan maganin damuwa, yanzu muƙamuƙinta ya riƙe, an ce ta daina maganin

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Daga wani ƙauye nake a gefen Roni, jihar Jigawa. Matata tun bayan haihuwarta ta huɗu ta shiga wani hali, ba barci, ba cin abinci, kullum kuka, har na kai ta asibitin Kazaure suka ce ciwon damuwa ne suka ɗora ta kan sertraline. Alhamdulillahi ta fara dawowa daidai. To kusan sati uku kenan in ta tashi da safe gaban kunnenta na ciwo, in ta buɗe baki yana yin ƙas-ƙas, da daddare kuma ina jin tana cizon haƙora kamar ana ɓarzar masara. Mai kemis ɗin garinmu ya ce maganin ne ya jawo, ta ajiye shi, ya ba ta tramadol. Innata ma ta ce dama ƙwayar mahaukata ce. Kwana biyu kenan ba ta sha sertraline ɗin ba, kuma tana shayarwa. Hankalina a tashe yake, dan Allah me zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya saka maka da alheri da ka tsaya mata har asibiti.

Kafin komai, tramadol ɗin nan ka karɓe shi daga hannunta yau ɗin nan, kar ta ƙara shan ko ƙwaya ɗaya. Gobe kuma ku koma wajen waɗanda suka rubuta mata sertraline, kar ku ce sai ranar da aka rubuta a kati.

Mai kemis ya faɗi rabin gaskiya. Sertraline da 'yan uwansa irin su fluoxetine da paroxetine suna iya sa wasu mutane cizon haƙora cikin barci, kuma yawanci abin na fitowa ne cikin sati 3 zuwa 4 da fara sha ko da ƙara yawan maganin. Amma ita kanta damuwar ma tana sa mutum ya yini ya kwana a datse da haƙora bai sani ba. Naman muƙamuƙi ya kwana yana aiki, gaɓar da ke gaban kunne ta sha nauyi, da safe sai ciwo. In ka sa yatsa a kumatunta ta ciza za ka ji naman ya yi tauri kamar goruba, in ta fito da harshe wataƙila ka ga shatin haƙora a gefensa. Ita ƙarar ƙas-ƙas ɗin ba abin tsoro ba ce, faifan guringuntsin cikin gaɓar ne ke ɗan zamewa ya koma, mutane da yawa suna da ita ba su da ciwon komai.

Inda ya kuskure, kuma nan ne raina ke ɓaci wallahi, shi ne cewa a ajiye maganin. Wannan maganar kusan kullum sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya, daga mai kemis, daga suruka, daga maƙwabciya, wani lokaci har daga ma'aikacin lafiya da ya kamata ya sani. Mutum ya sha wahala wata da watanni, an samu da ƙyar ya fara barci ya fara cin tuwo ya fara ɗaukar ɗansa, sai wani wanda bai taɓa duba shi ba ya ce a daina saboda baki na ciwo. Ciwon muƙamuƙi akwai wahala, ban raina shi ba, aikina ne a matsayina na likitan haƙori, amma ba ya kisa. Damuwar bayan haihuwa kuwa in ta dawo tana iya kai mace ga tunanin raba kanta da duniya, ko ta kasa kula da jaririn gaba ɗaya. Kuma shi wannan magani ba kamar farasitamol ba ne da za a sha yau a bari gobe, yana ɗaukar makonni kafin ya kama jiki, sannan bayan an ji sauƙi ana ci gaba da shi aƙalla wata 6, Hukumar Lafiya ta Duniya ma a jagorarta ta 2016 wata 9 zuwa 12 ta ba da shawara. In aka yanke shi rana ɗaya sai jiri, tashin zuciya, mugayen mafarkai, saurin fushi, wasu su ce maka kamar lantarki na jan su a ka. Daga nan sai 'yan gida su ce ka gani ko, dama ƙwaya ce, ta kama ta. Ba kamu ba ne Malam. Ba ya bugarwa, ba a sha don jin daɗi, ba wanda ke sayar da akuyarsa don ya sayi sertraline. Jiki ne ya saba da shi, shi ya sa in lokacin dainawa ya yi likita ke rage shi a hankali cikin makonni.

Wanda ke kama mutum na gaskiya shi ne wanda aka miƙo mata a madadinsa. Kai ma ka san abin da tramadol ya yi wa samarin ƙauyukanmu. Bayan wannan, shi da sertraline duka suna ɗaga sinadari ɗaya a ƙwaƙwalwa, serotonin, in suka haɗu yana iya yin yawa, sai rawar jiki, gumi, zazzaɓi, bugun zuciya, ruɗewa, har jijjiga kamar farfaɗiya. Kar ka ce ai ta daina wancan, kwana biyu bai isa ya fita daga jini ba. Kuma tana shayarwa, tramadol na bi ta nono ya sa jariri barci mai nauyi ko numfashinsa ya yi ƙasa, shi kuwa sertraline yana cikin waɗanda likitoci suka fi zaɓa wa mai shayarwa, ina kyautata zaton shi ya sa aka ba ta shi. In ka ga ɗaya daga alamun nan a jikinta, ko jaririn ya ƙi farkawa ya kama nono, a daren nan za ku nemi mota.

Na taɓa duba wata baiwar Allah da aka kawo daga wajen Ɓaɓura, irin wannan ciwon, an kai ta wajen mai cire haƙori na ranar kasuwa ya cire mata turame uku lafiyayyu ɗaya bayan ɗaya, ciwon na nan, maganin damuwar kuma an jefar tun tuni. Tana zaune ta rufe baki da gefen hijabi, mijin ke amsa duk abin da na tambaya. Haƙoran nan ba za su dawo ba. Don haka ko wa ya ce a cire mata haƙori ko a yi tsaga a gaban kunne, kar ka yarda.

Inna kuma a bi ta a hankali, tsoro ne da ƙauna. In da hali ka tafi da ita asibitin ta ji daga bakin likita.

Likitan da ke duba ta yana da hanyoyi, zai iya rage yawan maganin, ko ya canza mata wani, ko ya ƙara mata wani kamar buspirone da ke rage cizon. Mu a ɓangaren haƙori mukan ba da amitriptyline ɗan kaɗan da daddare don irin wannan ciwon, amma ba na rubuta shi ga mai shan sertraline sai na yi magana da likitanta, don haka kar a saya a kemis. Diclofenac da ibuprofen ma in aka haɗa su da sertraline suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki, farasitamol ya ishe ta yanzu.

A gida, tsumma a ruwan ɗumi a dafa gefen fuska minti 10 zuwa 15 safe da dare. Ta huta da goro, rake, aya, cingam, ƙashi da gasasshiyar masara na 'yan makonni, ta koma kunu, fura, fate, alale, tuwo mai laushi. In za ta yi hamma ta tallafe haɓa. Da rana ta riƙa tuna wa kanta leɓe a rufe, haƙora a rabe, don haƙoran sama da na ƙasa ba su da dalilin haɗuwa sai ana tauna ko haɗiya. Mafi yawan masu wannan ciwon da haka suke samun sauƙi ba tare da tiyata ba. In an yi wata guda ba canji, ku je sashen haƙori a Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano a auna mata robar kwana da ke kare haƙora.

Amma in bakin ya ƙi buɗuwa ko yatsa biyu ba sa shiga, ga kumburi ko zazzaɓi, ko wuya ya sanƙare bayan wani rauni, wannan wani abu ne daban, ƙurjin haƙori ko tetanus, ba a kwana da shi a gida. Gobe ka tafi da katin asibiti da kwalin sertraline da ragowar tramadol ɗin a leda, ka faɗa musu ƙwayar tramadol nawa ta sha da kuma ranar da ta daina sertraline.