Rasberi da bilakberi a bayan ɗaki a Birnin Kebbi: za su yi kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwargida ce a unguwar Gesse, Birnin Kebbi. Ina da ɗan lambu a bayan ɗaki, akwai zogale da gwaba da lemun tsami da yakuwa, kuma muna da burtsatse, ruwa ba ya yanke mana. 'Yata da ke karatu a Ingila ta nuna mini hotunan wani baƙin ɗan itace mai suna bilakberi da suke tsinka a gefen hanya kyauta, da wani ja mai suna rasberi. Na sa an sayo mini irinsu ta intanet, na shuka har sau biyu, ko tsiro ɗaya ban gani ba. Laifin irin ne ko na hannuna? In na samu dashe, zai yi a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Hannun da ya raya lemun tsami da gwaba a ranar Birnin Kebbi ba shi da laifi, ki kwantar da hankalinki.

Ƙwayar irin waɗannan 'ya'yan itatuwa tana da ɓawo mai tauri ƙwarai. A ƙasarsu tsuntsu ne ke haɗiye ta, cikinsa ya ɗan cinye ɓawon, ya kasayar da ita, ta kwana a ƙasa mai jiƙa duk tsawon lokacin ƙanƙara, sannan ta tsiro. Masu binciken iri kan kwaikwayi wannan: su kankare ɓawon, su binne ƙwayar cikin yashi mai danshi, su ajiye a firij wajen wata 3. Ke kuwa kin zuba ta a ƙasa mai ɗumi kamar irin yakuwa, shi ya sa ta yi shiru. Ko da ta fito ma, ba lallai ta gaji uwarta ba. Manoman abin ba sa shuka ƙwaya. 'Ya'yan da ke ɓullowa daga saiwa suke cira su dasa, kamar yadda muke yi wa ayaba. Don haka kada ki ƙara kashe kuɗi a kan waɗannan 'yan fakitin.

Maganar dashe kuma ita ce mai tsawo, sai kin san yadda shukar take rayuwa. Rasberi da bilakberi 'yan gida ɗaya ne, dangin fure mai ƙaya da ake kira wardi. Saiwarsu na yin shekaru a ƙasa, amma kowane kara da ta fitar shekara 2 kawai yake yi. A shekarar farko ganye zalla yake yi yana miƙewa. Da sanyi ya shigo sai ya kaɗe ganyen ya yi barci, idanun da ke jikin karan su rufe ruf. Ba za su buɗe yadda ya kamata ba sai sun tara wasu awoyi na sanyi, kuma sanyin da suke lissafawa shi ne wanda ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas. Yawancin nau'o'in rasberi na neman awa 800 ko fiye, wato sama da kwana 33 cur in aka haɗa su wuri guda. In sun samu, a shekara ta biyu karan ya yi fure, ya yi 'ya'ya, ya mutu, sabbi su gaje shi.

To, ki tuna asubar hunturun da ta fi kowace tsanani a Birnin Kebbi, wadda yara ke ƙin taɓa ruwan alwala, kowa na raɓe da garwashi. Ma'aunin yana wajen digiri 15 ne, in ya matsa ya ɗan sauka ƙasa da haka, kuma kafin hantsi ya haye. A wurinmu sanyi ne na gaske. A lissafin rasberi kuwa ko awa ɗaya ba a tara ba. Abin da za ki gani shi ne kara mai ganye jefi-jefi, idanu da yawa sun ƙi buɗewa, shekara ta zagayo babu fure.

Sannan ga bazara. Rasberi ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 zuwa 25, da an haura 30 ya fara wahala, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu 40 ba baƙuwa ba ce. Saiwarsa a sama-sama take, da ƙasa ta ɗau zafi ta dahu. Ko a ƙasashen da ake nomansa, in rana ta yi yawa za ki ɗauki ɗan itacen ki ga gefen da ya kalli rana ya yi fari fat, waɗannan 'yan ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi shi sun ƙone, sauran jikin kuma ja. Shi ya sa manyan masu nomansa su ne irin su Rasha da Sabiya da Folan, sai Meziko a kan tuddanta. Maroko ma na yi, amma a kusa da teku, ƙarƙashin rumfunan leda, kuma da yawa daga cikin karan sai an ajiye su makonni a ɗakin sanyi an biya su bashin hunturun kafin a dasa. Wanda ya san halin wutar lantarkinmu ya san wannan ba sana'ar bayan ɗaki ba ce.

A Najeriya inda abin zai iya yin armashi shi ne tudun Jos, mai tsayin mita 1,200 ko fiye, inda ake noman sitiroberi a wajajen Vom, da tsaunin Mambila a Taraba wanda ya fi shi tsayi da sanyi. Jan rasberi irin na hoton 'yarki, shawarata ki haƙura da shi.

Bilakberi ya ɗan fi shi juriya, kuma a nan akwai 'yar ƙofa. Akwai nau'in Tupy da aka samar a Burazil, wanda sanyi kaɗan yake nema. Shi ne ya daɗe yana riƙe da gonakin jihar Michoacán a Meziko, inda manoma ke kaɗe masa ganye da gangan su tilasta masa fure. Sai dai gonakin nan a kan tudu suke, ba su san zafin Argungu ba. Akwai kuma Prime-Ark Freedom da Jami'ar Arkansas ta Amurka ta fitar a 2013, ba shi da ƙaya, kuma yana fure a kan karan shekarar farko ba tare da jiran sanyi ba. Rauninsa shi ne in furen ya haɗu da zafi mai tsanani, 'ya'yan kan fito ƙanana ko su lalace. A ɓangaren rasberi akwai wani baƙi mai ƙaya da ake kira Mysore, ɗan asalin tuddan Indiya da maƙwabtanta, wanda ake shukawa a kudancin Fulorida. Shi ma ba ya neman sanyin kirki. Duk wanda zai shigo miki da ɗanyen dashe daga waje sai ya nemi izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, NAQS, kada a cusa shi a akwati a ɓoye.

In kin samu ɗayan waɗannan kuma kina son gwadawa, ki ɗauke shi a matsayin gwaji, gindi biyu sun isa. Ki sa a rabin duro ko babban bokiti mai huji a ƙasa, don ki iya jan sa zuwa inuwa. Ki haɗa ƙasar jigawa da takin shanu wanda ya ruɓe sarai da ɓuntun shinkafa, abin da Kebbi ba ta rasa ba. Kada ki zuba toka, ko da kin saba yi wa sauran shuke-shuke, domin wannan ƙasa mai ɗan tsami yake so, toka kuwa kashe tsamin take yi. Ki ajiye shi gabas da katanga, ya sha ranar safe, daga azahar inuwa ta rufe shi. Ki lulluɓe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, ki riƙa ban ruwa kaɗan-kaɗan kullum ba tare da ya kwanta ba. Ki ɗaura waya biyu tsakanin sanduna ki ɗaure karan a kai, kuma duk karan da ya gama 'ya'ya ki yanke shi daga gindi. Dabarar duka ita ce furen ya faɗo tsakanin Nuwamba da Janairu. In ya ba ki cikin tafin hannu, kin ci riba. In bazara ta tafi da shi, kada ki zargi kanki.

Da ni ne ke, da malberi zan shuka, wanda Larabawa ke kira tut. Ba danginsu ba ne, bishiya ce, ita ce wadda ake ciyar da tsutsar siliki da ganyenta. Amma ki ajiye ɗanta kusa da bilakberi a faranti, sai mai lura zai bambance su: ƙwayoyi ne cure wuri guda, ya fara kore, ya koma ja mai tsami, ya nuna ya yi baƙi mai zaƙi, ya rina miki yatsu da leɓe. Yana jure zafi matuƙar yana samun ruwa, kuma ke kina da burtsatse. Akan same shi wurin masu sayar da dashe, musamman a Jos da Kaduna da Abuja.

Dasa shi ba wuya. A yanko reshe mai kaurin fensir, tsawon taƙi guda, mai ido 3 ko 4, a soke rabinsa a ƙasa mai danshi a farkon damina, wajen watan Yuni, a inuwa. Cikin 'yan makonni za ki ga ganye. Abu ɗaya da nake jaddadawa: a yanko daga bishiyar da aka ga 'ya'yanta da ido, aka kuma ɗanɗana, domin akwai namiji wanda fure kawai yake yi, akwai kuma nau'in da don ganye aka raine shi, 'ya'yansa ƙanana marasa daɗi. Reshen da ya fito daga uwa ta gari kan fara ba da 'ya'ya cikin shekara ɗaya zuwa biyu. A kan sabon toho yake haihuwa, saboda haka in kika rage masa rassa bayan kowane tsinka, kika ƙara taki da ruwa, zai sake fitowa da wasu, kuma ba zai fi ƙarfin hannunki ba. Ki tsare shi a tsayin da yaro zai miƙa hannu ya tsinka.

Abokan gabarsa a gida uku ne. Gara na cin reshen tun bai yi saiwa ba, don haka kada ki sa ɗanyen taki ko karare a ramin. Awaki na son ganyensa kamar me, sai kin kewaye shi. Saiwarsa kuma mai bin ruwa ce, ki nisanta shi da katanga da ramin masai da taku 5 ko 6. 'Ya'yan ba sa ajiyuwa, kwana ɗaya biyu sun yi laushi, sai a ci nan take ko a dafa da sukari da ɗan ruwan lemun tsamin nan naki a zuba a kwalba, a shafa wa burodi. Kuma ki duba inda igiyar shanyarki take kafin ki haƙa ramin, don tsuntsaye za su riga ki sanin ya nuna, kuma abin da suke saki bayan sun ci ba ya fita daga farar shadda.