Amsa: Gina hoton Docker na arm64 a kan kwamfutar amd64

Malam, ka ce ka gina hoton Docker (wato kunshin manhaja da duk abin da take bukata don ta yi aiki) a kwamfutarka mai Intel, amma da ka ɗora shi kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi sai ya ƙi tashi, yana nuna "exec format error". Dalilin shi ne an harhaɗa manhajar don amd64, wato tsarin umarnin da kwamfutarka mai Intel ke ganewa, alhali Pi umarnin ARM kaɗai take ganewa.

Da farko ka rubuta `uname -m` a kan Pi ɗin, domin idan ta nuna armv7l to linux/arm/v7 kake bukata, idan kuma aarch64 ce, linux/arm64. Daga nan a kan kwamfutarka mai Intel ka sanya QEMU (manhajar da ke kwaikwayon ARM) a cikin binfmt_misc (sashen Linux da ke zaɓar abin da zai gudanar da manhajar wani tsari daban) da umarnin `docker run --privileged --rm tonistiigi/binfmt --install all`, sannan ka gina da `docker buildx build --platform linux/arm64 .` (ko linux/arm/v7 idan ita kake bukata).

Sai dai kwaikwayon QEMU yana da jan ƙafa ƙwarai wajen harhaɗa manyan manhajoji. Idan da harshen Go ka rubuta taka, a ganina gara ka fara Dockerfile ɗinka (fayil ɗin umarnin gina hoton) da `FROM --platform=$BUILDPLATFORM`, ka bayyana `ARG TARGETARCH`, ka miƙa shi ga GOARCH, wanda ke gaya wa Go tsarin da zai harhaɗa dominsa, domin Go ya harhaɗa kai tsaye da cikakken saurin kwamfutarka.