Ga 'yar'uwar da ikilisiyarsu ta dare gida biyu

Salama a gare ku 'yan'uwa. Na saurari saƙon 'yar'uwarmu da ta ce ikilisiyarsu ta dare gida biyu a kan kuɗin baiko, har wasu ba sa gaisawa bayan sujada, tana tambaya ko ta tattara ta koma wani wuri.

'Yar'uwa, kada ki yi saurin tafiya tukuna. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. A Urushalima ne fa, manzanni na nan da ransu, amma gunaguni ya tashi. Masu jin Helenanci suka ce ba a kula da gwaurayensu wajen rabon yau da kullum. To, manzanni ba su ce a yi haƙuri a rufe maganar ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum 7, su Istifanas da Filibus. Ki lura da sunayen nan, duka na Helenanci ne, alamar cewa ɓangaren da ya koka aka danƙa wa amanar. Wannan wurin yana taɓa ni ƙwarai. Saboda haka in kuɗi ne matsalar, a fito da littafin lissafi, a karanta a gaban kowa, a sa masu ƙorafin cikin masu ƙirga baiko.

Amma akwai naki rabon. Ni ma ya taɓa faruwa da ni. Na yi kusan shekara 2 ba na magana da wani dattijo, ranar Jibin Ubangiji ya miƙo mini ƙoƙo, na karɓa ina kallon ƙasa. Da dare Matiyu 5:23-24 ta hana ni barci, inda Yesu ya ce ka bar baikonka a gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Washegari na tafi gidansa, gabana na faɗuwa. Ashe rabin abin da aka ce ya faɗa a kaina, bakinsa bai taɓa furtawa ba.

Matiyu 18:15 ma ta ce a fara tsakaninku ku biyu, ba a waya ba, ba a bayan ido ba. Ki zaɓi mace ɗaya daga ɗaya ɓangaren, wadda kuka saba zama benci ɗaya da ita a da, ki je wurinta kafin Lahadi. In kina so in raka ki, ki kira ni.