'Yan badujalar jami'o'in Amurka: sojoji ne ko ɗalibai, kuma yaya suke zana doki da jikinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An turo min wani bidiyo a waya, na ga 'yan badujala sun fi ɗari biyu a filin wasa a Amurka, suna busa suna kiɗa, sai kawai suka rikiɗe suka zama hoton doki yana sukuwa. An ce na Jami'ar Jihar Ohio ne. Ni dai badujalar da na sani ita ce ta 'yan sanda da sojoji ranar fareti. Shin waɗannan sojoji ne? Biyansu ake yi? Kuma gaskiya ne abin, ko haɗin kwamfuta ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani gaskiya ne, babu siddabaru a ciki. Dokin nan sun yi shi ne a 2012, a wasan da suka shirya kan wasannin bidiyo, kuma a shekarar da ta biyo baya suka zana mutum yana rawa yana zamewa da baya. Kwamfuta tana da aikinta, amma kafin a fito fili ne. Ranar wasa ƙafa ce kawai da ƙidaya.

Filin da kansa shi ne ma'aunin. Ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, mai kama da zari-ruga, ana buga ta a fili mai tsawon yadi 100, an ja farin layi a kowane yadi biyar. An horar da ɗan badujala ya yi taku takwas daidai tsakanin layi da layi, wato kowane taku inci 22 da rabi, kimanin santimita 57. Dogo da gajere duk takunsu ɗaya. Mai tsara wasan zai zauna da manhaja ya raba hoton doki zuwa matakai, kamar yadda ake zanen katun: a wannan mataki ƙafar gaba a miƙe, a na gaba ta lanƙwashe. Kowane mutum ɗigo ne a cikin hoton. Abin da aka ba shi bai wuce haka ba: kana nan, cikin ƙidaya 16 ka isa can, taku uku daga layin yadi 40. Shi da ke cikin fili ba ya ganin doki ko kaɗan, bayan na gabansa kawai yake gani da fararen layuka, ga kuma waƙar da yake busawa da ka, domin 'yan Ohio ba sa shiga fili da takardar waƙa. Idan mutum ɗaya ya yi ragin taku, daga saman filin sai a ga ƙafar doki ta karye. Da can takardu ake rarraba musu tuli guda kowane mako, daga 2013 suka fara komawa kan iPad, inda kowa zai ga ɗigonsa yana motsi.

Ba sojoji ba ne, amma ba ka yi kuskure da ka tuna da fareti ba, don daga can aka faro. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta ba jihohi filaye su kafa kwalejojin noma da ƙere-ƙere, da sharaɗin a koyar da dabarun soja a cikinsu. Jami'ar Jihar Ohio, da ke birnin Columbus, ɗaya ce daga cikinsu. Ɗalibai masu atisaye suna buƙatar abin da zai daidaita musu ƙafa, shi ne a 1878 aka haɗa wasu 'yan tsiraru masu ganga da sarewa. Da ƙwallo ta samu karɓuwa a jami'o'i, sai badujala ta bi jama'a zuwa filin wasa. A 1907 'yan Jami'ar Purdue suka fasa sahun soja suka jeru a siffar harafin P, kuma daga nan ne zane da mutane ya fara. Har yau kayan 'yan Ohio na soja ne: baƙi-baƙin shuɗi, farin ɗamara a gicciye a ƙirji, hular soja mai baki da gashi ja da toka-toka a samanta.

Da ka ƙara sauti za ka lura babu sarewa ko danginta. Tun 1934 shugabansu na lokacin, Eugene Weigel, ya cire su gaba ɗaya, ya bar kayan busa na tagulla da ganguna kaɗai. Dalilinsa a bayyane yake. Filin wasansu, wanda aka buɗe a 1922, yanzu yana ɗaukar mutum sama da 100,000, kuma muryar sarewa a cikin irin wannan hayaniya ɓata take yi. A ganina ya yi daidai, ko da yake an yi asarar wani laushi da sauran jami'o'i suka riƙe.

Batun biya kuwa, babu albashi. Darasi ne da ɗalibi ke yi wa rajista a ba shi maki, kuma da yawansu ba kiɗa suke karanta ba, akwai masu injiniya, akwai masu kasuwanci da kimiyya. Mata ba su samu shiga ba sai 1973, shekara guda bayan dokar da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya.

Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne babu wanda ya gaji gurbi. Kowace shekara a watan Agusta ana gwaji, kuma wanda ya yi shekara uku a ciki dole ya sake tsayawa tare da sabon shiga. Waɗanda suka tsallake sun ɗan haura 220, an kasa su sahu-sahu, kowane sahu da harafinsa da shugabansa, kuma a kowane sahu akwai 'yan jiran gado biyu da ba sa shiga fili. Farkon kowane mako ɗan jiran gado yana da damar ya ƙalubalanci wanda ke da gurbi. A tsayar da su biyun, su yi maci su yi busa, wanda ya fi shi zai fita ranar Asabar. Ga atisayen kusan awa biyu kullum da yamma, ga jarrabawar hadda kafin wasa, alhali kusan kowane wasan gida sabon shiri ne da sababbin waƙoƙi. Wanda ya yi sanyin jiki mako ɗaya sai ya tsinci kansa a gefen fili yana kallo.

Ranar Asabar ɗin ma tana da tsarinta. Wajen awa biyu kafin a take wasa suna taruwa a zauren St. John, taron da suke kira Skull Session. Asalinsa bitar ƙarshe ce ta hadda, amma yau mutane fiye da 10,000 ke cika zauren, har 'yan ƙwallo da kocinsu su biyo su gaisa da jama'a. Daga nan sai shiga fili ta gangaren arewa, al'adar da ta faro tun 1928. Masu ganga ne ke fara sauka, da taku mai sauri na kusan bugu 180 a minti, sauran su biyo a layi biyu. Idan kowa ya tsaya, madugu mai sanda ya ratso ta tsakiyarsu da gudu, ya tsaya a gaba, ya lanƙwasa ta baya har gashin hularsa ya taɓa ƙasa.

Sai kuma abin da aka fi saninsu da shi, wanda ya girmi dokinka da shekaru 76. Tun 1936 suke rubuta sunan jihar, Ohio, da rubutun haɗi. Suna fara curewa a siffar babban harafin O, sai madugu ya ja mutum na farko, sauran su warware a bayansa ɗaya bayan ɗaya kamar ana jan zare daga ƙwarya, ana busa wani tsohon taken macin sojojin Faransa. Wahalar tana wuraren da layi ke ratsa kansa, yadda alƙalami ke komowa ya ƙetare abin da ya rubuta. A nan mutum zai wuce ta tsakanin mutum biyu masu tafiya, ga ƙahon tagulla a baki, kuma ba a yarda ya rage taku ba. Abin dariya, 'yan Jami'ar Michigan, manyan abokan hamayyarsu, su ne suka fara jeruwa a siffar wannan rubutu da suka kawo ziyara a 1932. 'Yan Ohio kan ce ai waɗancan tsayawa kawai suka yi, su kuwa rubutawa suke yi.

Idan an gama rubutu saura ɗigon harafin i. Da farko mai ƙaramin ƙaho ne ke tsayawa a wurin, daga baya aka bar wa mai susafon, babban ƙahon nan da ke naɗe jikin mai busa, bakinsa ya buɗe a saman kai, nauyinsa ya haura kilo 12. Ba kowane mai susafon ba, sai wanda ya kai shekara ta huɗu a badujalar. Madugu zai rako shi, shi kuma yana ɗaga ƙafa sama-sama, ya tsaya a kan ɗigon, ya cire hula, ya rusuna wa ɓangare ɗaya na filin, ya juya ya rusuna wa ɗayan. Akwai yaran da tun suna sakandare suke zaɓar wannan ƙaho mai nauyi saboda wannan rusunawar ta 'yan daƙiƙoƙi. Jefi-jefi ana karrama wani na waje da gurbin, kamar tsohon kocin ƙwallon jami'ar Woody Hayes, da ɗan wasan golf Jack Nicklaus a 2006, da ɗan sama jannati John Glenn tare da matarsa a 2009.

Kada ka ɗauka salon Ohio ne kaɗai. Jami'o'in baƙar fata na kudancin Amurka suna da nasu, mai ɗaga gwiwa da rawa da ganga mai zafi, kuma jagaba a nan ita ce badujalar Jami'ar Florida A&M, wadda William P. Foster ya jagoranta daga 1946 zuwa 1998. Ita aka gayyata Paris a 1989 don faretin cika shekara 200 da juyin juya halin Faransa.

Irin wannan ƙungiya mai tsananin riƙo da al'ada takan ɓoye mugun abu a ciki, musamman gallaza wa sababbin shiga da sunan al'ada. A Nuwamban 2011 wani madugun badujalar Florida A&M, Robert Champion, ya rasu bayan dukan da abokansa suka yi masa a cikin mota. An dakatar da badujalar har 2013, an kuma ɗaure wasu daga cikin masu hannu a ciki. A Ohio ma, a 2014 jami'a ta sallami shugaban badujalar bayan binciken da ya gano al'adun batsa da cin zarafi tsakanin ɗalibai, kuma shi ne mutumin da ke jagorancinsu a lokacin da aka yi dokin da ka gani.