Ƙanena, kafin ka sayi Prius ka ce kai za ka riƙa gyara ta

Na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai. Ka ce in ka iso Ingila karatu kana so ka sayi tsohuwar Prius, motar Toyota haibirid mai aiki da fetur da batir, tunda ka yi shekara huɗu a gareji a Ƙofar Ruwa ba sai ka biya makanike ba, kuma ka ɗan riƙa kai saƙon abinci da ita. Bari in fara da na biyun don shi zai iya ja maka matsala babba, bizar ɗalibi awa 20 ta ba ka a sati lokacin karatu, kuma ba ta yarda ka yi aikin kanka ba, su kuwa manhajojin kai abinci yawancinsu a matsayin mai zaman kansa suke ɗaukar mutum. To ka cire wannan daga lissafi. Lasin tuƙinka na gida kuma wata 12 kawai zai yi maka.

Maganar gyara kuwa, hannunka zai yi maka rana sosai wallahi, don nan da awa makanike ke lissafa wa mutum kuɗin aiki, amma bari in ba ka labarin abin da ya same ni. Tawa ƙirar 2012 ce, injin 1.8, irin waɗanda aka san su da toshewar EGR, wato hanyar da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin. Wata Asabar na kwance ta da manifol, wato bututun da ke shigar da iska cikin injin, na wanke baƙin daskararren da ya taru, na sa sabbin filogi, wanda shi ma sai ka cire waifa da farantin ƙasanta kafin hannunka ya kai. Na haɗa komai, na kunna, shiru, na ce alhamdulillah. Ashe injin ma bai tashi ba, batir ne yake riƙe da motar. Da asuba ina fita injin ya kama, sai ta hau rawa tana ƙwal ƙwal kamar ana buga ƙarfe a ƙasanta, wutar cek injin ta kawo. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan na ƙona gasket ɗin kan injin, don ita ce cutar da ake jin tsoro a wannan ƙirar.

Da a gida ne sai mu kasa kunne mu fara canje-canje. Wani maƙwabcina ya ara min ƴar na'urar OBD2 mai karanto lambobin matsalar mota, da ake haɗawa da waya, ta nuna P0300 da P0171, ma'ana silinda suna fashin wuta kuma iska ta fi mai yawa. Nan na gane ba wani sabon abu ne ya lalace ba, inda hannuna ya taɓa jiya can zan koma. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, soket ɗin koyil huɗu, soket ɗin sensar iska, ƙusoshin manifol, sai ga wani ɗan tiyo a ƙasan manifol da ban mayar daidai ba, yana zuƙar iskar da kwamfutar motar ba ta auna ba. Minti biyar ya ɗauke ni. Ƙarar nan da ta razana ni kuma ba daga cikin injin take ba, in injin haibirid yana mis to girgizar tana bugun inda ya haɗu da giyabos ne, shi ya sa ƙaramin abu yake jin kamar mota ta mutu.

In lambar ta nuna silinda ɗaya, misali P0302, ka musanya koyil na biyu da na uku, in lambar ta koma P0303 ka kama ɓarawo. In ba ta motsa ba ka duba filogin. Gasket kuwa alamarta ruwan lagireto yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, da rawar nan da sassafe kullum. Baƙin mai 0W-20 take sha, kar ka cika ya wuce layi irin yadda muke yi wai don ya isa, kuma ka guji filogi na bogi, sun cika intanet.

Abin da ya fi damuna da kai shi ne wuta. Babban batirinta ya haura bolt 200, motar kuma tana ɗaga shi har 650. Duk wayar da ka ga ruwan lemo ce kar ka taɓa, ko da safar hannu, sai ka koya. Sannan matuƙar READY tana kunne a dashbod injin zai iya tashi da kansa hannunka na ciki, saboda haka ka kashe ta gaba ɗaya ka ajiye makulli nesa.

In da gaske kake son sana'ar ta ci gaba, akwai takardar IMI, wato cibiyar masu sana'ar mota ta nan, ta gyaran motocin haibirid da lantarki, kwalejoji da yawa suna koyarwa, ita gareji suke tambaya. Kuma duk wadda za ka saya ka sa lambarta a shafin gwamnati ka ga tarihin MOT ɗinta, wato gwajin lafiyar mota da ake yi duk shekara, kyauta ne, ka turo min in gani kafin ka biya ko sisi. Ka gaida su Mama.