Filin Tambaya da Amsa: Gashina Ya Ƙi Tsawo, na Goshi Kuma Yana Ja da Baya

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk man da aka ce mini yana ƙara tsawon gashi na saya na shafa, amma gashina yana nan inda yake. Kusan kullum kaina a kitse yake, kuma a 'yan watannin nan na lura gashin gaban goshina yana ja da baya. Ina mafita? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, domin da wuya a ce gashinki ya daina fitowa. Gashin mai lafiya yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a wata, kuma kowane sili yakan yi shekara 2 zuwa 7 yana girma, sannan ya huta kusan wata 3 ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. Saboda haka zubewar sili 50 zuwa 100 a rana ba cuta ba ce, tunda kai yana ɗauke da sili wajen 100,000. Abin da ya fi samun masu irin kukanki shi ne gashin yana tsirowa daga tushe yana kuma karyewa daga baki, sai a ga kamar ya tsaya cak.

Kina iya gane wannan da kanki. Idan kin gama taje kai, ki zare gashin da ya maƙale a mataji ki shimfiɗa a kan farin ƙyalle. Dogon silin da ke da ɗan farin ɗigo a gindinsa ya faɗo ne daga tushe bayan ya cika wa'adinsa. Gajerun guntaye marasa wannan ɗigo kuwa karyewa suka yi, kuma idan su ne suka fi yawa, babu man da zai yi miki magani sai kin canza yadda kike riƙon gashin.

Gashi mai murɗewa yana saurin bushewa, domin maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har baki. Ruwa ne yake ba shi laushi, mai kuma aikinsa tsare wannan danshi, shi ya sa shafa mai a busasshen gashi bai cika amfani ba. Ki wanke kai sau ɗaya a mako ko mako biyu, ki mai da hankalin shamfu ga fatar kai, ki bi da kwandishina a jikin gashin. Yayin da yake da sauran danshi, ki raba shi kashi-kashi, ki warware da yatsu, sannan ki taje da mataji mai manyan haƙora, daga baki kina hawa zuwa tushe. Da dare ki ɗaure shi da ƙyalle mai santsi, saboda auduga tana shanye danshi. Idan kina sa rilaksa, wato man miƙar da gashi, ki bar aƙalla mako 8 tsakani, kuma a shafa a sabon tsiro kawai.

Batun goshi ne ya fi damuna. Gashin wurin siriri ne, kuma kitso mai tsauri, musamman wanda aka yi wa ƙari mai nauyi, yana jan tushensa dare da rana. Idan kin tashi daga wurin mai kitso da ciwon kai, ko fatar goshi ta ɗame, ko ƙananan ƙuraje suka feso a bakin layi, kitson ya yi tsauri, kuma a ganina tsefe shi a ranar ya fi alheri komai kyansa. Da farko gashin yakan dawo idan aka daina ja, amma idan aka shafe shekaru a haka tushen yakan mutu ya zama tabo, daga nan ba ya sake tsirowa. Ki nemi a sassauta hannu, a bar gashin goshi ba a kama shi ba, kada kitso ya wuce mako 6 zuwa 8, ki kuma bar kai ya huta kafin sabo. Idan wata 3 zuwa 6 suka wuce ba ki ga sauyi ba, ko zubewar ta game kai duka, ki ga likitan fata, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini da ciwon tayirod (wani ƙullin nama da ke gaban wuya) suna zubar da gashi, haka ma zazzaɓi mai tsanani da haihuwa, waɗanda zubewarsu kan bayyana bayan wata 2 zuwa 4.

Tambaya: Amosani ya dame ni, kuma duk da man da nake shafawa a fatar kai, ƙaiƙayin ƙaruwa yake yi. Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, mai yiwuwa man ne yake ƙara rura matsalar. Amosani yana da alaƙa da wata ƙwayar halitta mai suna Malassezia, wadda ke zaune a fatar kowa tana rayuwa da maiƙo. Ka rage shafa mai a fatar, ka nemi shamfu mai ɗauke da ketoconazole ko selenium sulfide, ka yi amfani da shi sau biyu a mako, kana barin kumfar minti 3 zuwa 5 kafin ɗauraya. Amma idan ka ga wuri ya zagaye ya yi ɓawo, gashinsa na kakkaryewa, musamman a kan yaro, wannan ya fi kama da makero, wanda shamfu kaɗai ba ya warkar da shi sai da maganin sha daga likita, kuma kada a haɗa mataji ko hula da mai shi har ya warke.