Tambarin CE ba zai hana ƙwan fitilarka ƙonewa a Kano ba

Tambaya: Ina sayar da kayan wuta a Sabon Gari, Kano. Ƙanena da ke Chaina ya samo min kamfanin da zai yi min ƙwan fitila na LED mai wat 12 guda 30,000 da sunana a jiki, farashin bai kai rabin na kasuwa ba. Ya ce suna da tambarin CE, har ya turo hoton satifiket ta WhatsApp. Lissafina ya nuna zan ninka jarina kafin azumi. In tura kuɗin?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Ban ce ƙanenka maci amana ba ne, amma ka ɗora masa aikin da ba nasa ba. Shi ya ga ƙwai ya kama a ofis mai sanyi, kan wutar da ba ta motsi. Kai kuma za ka sayar wa mutanen da wutarsu ke sauka ƙasa da bolt 160 da magariba, ta dawo da ƙarfi tsakar dare, gobe a kunna janareta.

Tambarin CE ikirarin kamfani ne da kansa cewa kayansa sun cika ƙa'idar Turai. Duk mai injin buga kwali zai iya manna shi. Abin da za ka nema cikakken rahoton gwaji ne, shafi-shafi, daga ɗakin gwajin da ke da shaidar ISO/IEC 17025. A Chaina hukumar CNAS ce ke ba da wannan shaida, kuma ana duba lambar ɗakin a shafinta. Lambar samfurin da ke cikin rahoton ta zama ita ce a takardar cinikinka. Sau da yawa rahoton na mai wat 9 ne, a sayar maka da mai wat 12 a kansa.

A cikin rahoton ka nemi IEC 61547, ma'aunin juriyar kayan haske. Abu biyu suka fi shafarka. Gwajin IEC 61000-4-5 shi ne na bugun wuta kwatsam, irin na tsawa ko na dawowar NEPA. Ƙaramin ƙwai kan tsallake shi da bolt 500 kacal tsakanin wayoyi biyu, kuma wannan ya yi wa damunarmu kaɗan. Ka rubuta a yarjejeniya cewa bolt 1,000 kake so, ka biya ɗan ƙarin. Sai IEC 61000-4-11, na raunin wuta da ɗaukewarta na ɗan lokaci: ƙwan ya dawo da kansa, kada ya tsaya yana ƙyafta ido. Ka kuma tambayi adadin da ake kira PF, mai nuna kaso nawa na wutar da ƙwan ke ja ne ke zama aiki. In 0.5 ne, ƙwan wat 12 zai ɗora wa janareta ko inbata nauyin VA 24, wato ninki biyu na wat ɗinsa, mai makarantar da ya sayi hamsin kuwa zai gane.

Takarda kaɗai ba ta isa. A aiko maka guda ashirin ta jirgin sama, ka kai wa mai gyaran talabijin da ya san aikinsa. Ya fasa biyar. Ya duba ko akwai baristo, ɗan faifan nan da ke shanye bugun wuta, da ɗan fiyus a bakin shiga; su ake fara cirewa in ana son karya farashi. Ya karanta jikin kafasita, ɗan gwangwanin nan da ke tara wuta: ya zama tana jure bolt 400 da zafin digiri 105, ba 85 ba. Wutar bolt 230 ƙololuwarta 325 ne, in ta hau 280 ƙololuwar ta kai 396, kafasitar na bakin mutuwa. Zafi ma na cinta, duk ƙarin digiri 10 na rage kusan rabin rayuwarta, ka kuwa san ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu. Sauran ƙwayayen a jona su a bariyak, na'urar da ake ƙara ko rage ƙarfin wuta da ita, a sauke wuta zuwa 140, a hau da ita 270, sa'a biyu kowanne. A bar wasu kwana bakwai a kunne cikin rufaffen gida na fitila. A kusanto da rediyo a gajeren zango. In ya cika da shuu, dattijon da ke sauraren labaran asuba zai dawo maka da kayanka.

Inda aka fi cin 'yan kasuwa shi ne bayan samfur ya yi kyau. Samfur na zuwa da baristo, kwantena ta zo babu. Ka sa hannu a jikin guda biyu, ɗaya wurinka ɗaya wurin kamfani. Ka biya kashi 30 cikin ɗari, ragowar sai mai duba kaya mai zaman kansa ya zaɓi katan da hannunsa, ya fasa, ya gwada da wanda ka sa wa hannu. Nan ƙanenka ke da amfani: ya tsaya a wurin ranar.

Takardar SONCAP ta SON, hukumar kula da ingancin kaya, dole ce, ba ita ba Fom M, takardar shigo da kaya da ake buɗewa a banki, kaya ba za su fita daga Apapa ba. Amma daga tashar jirgi kawai za ta fitar da kai, ba ruwanta da abokin cinikin da ƙwansa ya mutu a sati uku.

Zancen ninka jari kuwa, sake lissafi. In 15 cikin 100 suka dawo, guda 4,500 ke nan za ka musanya daga aljihunka, kuma sunanka ne a jikin kowanne. Fara da 3,000, ka rubuta duk wanda ya dawo da unguwar da ya fito, ka bar damuna ɗaya ta wuce a kansu kafin ka yi maganar kwantena.